Wanzamin da ya ƙi tsaga mini ƙafa

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Dattijo ne daga Gazawa, ni kaɗai a gida tun rasuwar mai ɗakina.

Jijiyoyin ƙafata suka kumbura. Maƙwabta suka ce mataccen jini ne, wasu suka ce sammu na taka. Na kira Ilu wanzami ya yi mini ƙaho. Ya duba ya ce, "Baba, in na tsaga nan, jini ba zai tsaya ba. Hau moto."

A asibiti aka ce jijiyoyin ne suka gaji da mayar da jini sama. In riƙa tattaki, in ɗaga ƙafa in na kwanta.

Ku gaishe mini da Ilu. Kullum sai ya leƙo: "Baba, ƙafa bisa turmi!" Yanzu ina da mai yi mini sallama.