A Bar Mini Ramin Gindin Tsamiya

Shugaban wannan taro, Alhaji Ramadan, wanda ya taso daga kulob ya tako har cikin ganuwa; Mai Unguwar Goron Dutse, ranka ya daɗe; Liman, Allah ya gafarta malam; Malam Garba, magatakardan kulob; 'yan'uwana ma'aikatan filin golf; da ku jama'ar unguwa da kuka zo jin yadda za a raba gonaki, assalamu alaikum.

Ni ne Mala Babagana. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma tun kaina yana baƙi nake jan buhu a kan yashin filin nan. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake sai da ƙafata ta yi tsami a tsaye kafin a gan ni.

An ce yaƙin da ake yi a kudu ya kwashe masu wasa, ya kwashe baƙin mai, saboda haka za a rufe ramukan ƙwallo na nesa, a yanka su gonaki kafin ruwa ya sauka. Na ji. A ji nawa.

Na farko, fili ba ya jiran yaƙi ya ƙare. Ga waɗanda ba su taɓa shiga ba: inda ƙwallo take gangarawa rami, ba ciyawa muke shukawa ba. Yashi muke tankaɗewa, mu cuɗa shi da baƙin man mota, mu baza, mu ja buhu a kai har ya yi sumul kamar sabon daɓe. Da rani a ɗebo yashin daga Challawa tun kogi bai kawo ba. Da bazara a yashe magudanai. Da damina lauje ba ya hutawa. Da kaka a bi ƙarangiya a tumɓuke ta kafin ta zubar da 'ya'ya. Wurin da garma ta shiga kuwa, ya tashi daga filin wasa ke nan, ko a zamanin jikokinmu.

Na biyu, maganar man gyaɗa, don na ga wasu tun ɗazu suna rufe baki suna ɓoye dariya. Baƙin mai ya yanke. Duk garejin da na je, sai a ce soja sun riga ni. Yashi ya bushe, iska tana kwashe shi ina kallo. Na dawo gida na tarar da Kaltume, uwar 'ya'yana, tana matsar ƙuli-ƙuli, na ɗauke guggubin man. Ta ce, "Malam, ramin naka tuya zai fara?" Ban kula ta ba, na je na zuba. Wallahi ya yi kyau, ya yi ƙamshi. Sannan cinnaka suka zo da danginsu kaf. Malam Garba ya durƙusa zai duba hanyar ƙwallonsa, ya miƙe yana rawa babu makaɗi. Tun ranar aka sa mini suna Mai Ƙuli, aka karɓe makullin ɗakin kayan aiki daga hannuna, aka ba wanda a gabana aka yanke masa cibiya. An ce in ba da haƙuri. Ba zan bayar ba. Ni dai na zuba wani abu. Ku me kuka zuba?

Na uku, kuma shi ne ya kawo ni. Ramin da na zuba wa man nan, na can ƙarshe ne, na gindin tsamiya, wanda aka ce da shi za a fara noma. Na ɗana Isyaku ne. Shi yake kula da shi har ranar da ya shiga soja. Da na raka shi tashar jirgin ƙasa, bai ce in gaida kowa ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, kada ka bari ƙarangiya ta cinye mini ramina." Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba labarinsa. Duk sojan da aka dawo da shi da rauni, na je na tsuguna a gabansa na tambaya, ba wanda ya san shi.

Isyaku yana da irin nasa jan buhun, daga bakin ramin yake farawa ya zagayo waje. Na sha yi masa faɗa a kai, don nawa jan ya fi, har gobe ya fi. Amma yanzu kullum na isa gindin tsamiyar nan, irin nasa nake ja. In na ɗago na ga zanen a kan yashi, sai in ji kamar yanzu ya ajiye buhun ya tafi alwala.

Jama'a suna bukatar hatsi, na sani, ni ma ina ci. Ku yanka sauran, ku shuka gero, Allah ya ba da yabanya. Amma ranka ya daɗe, an ce ni ma an ware mini kaso. To, ga roƙona a gaban shaidu: a ba ni gindin tsamiya ya zama kasona. Ba zan shuka komai a ciki ba. In ya dawo, ya tarar da raminsa yadda ya bar shi. In bai dawo ba, a bar ni da buhuna har ƙarfina ya ƙare.

Allah ya kashe wutar yaƙin nan. Allah ya dawo wa kowane gida da wanda yake jira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ja zamanin shugabanninmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.