Ni na ce harbin zuma magani ne

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Tudun Kaya nake rubuto maka, zuciyata a cunkushe.

Ranar cirar gyaɗa ƙudan zuma suka harbi ƙanena Sabi'u a gonarmu. Nan take jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓensa ya kumbura. Ya ce min, "Yaya, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa." Na yi dariya na ce, "Kai dai rago ne, harbin zuma ai magani ne." Na shafa masa albasa, na kwantar da shi a gindin ɗorawa, na koma aiki.

Sai da ya fara gumi yana haki muka kai shi asibiti a Karaye. Likita ya ce jikinsa ne ba ya jituwa da dafin, har jijiyoyin zuciyarsa suka tsuke, kuma mun makara. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinsa.

Jama'a, in ƙudan zuma suka harbi mutum ƙirjinsa ya riƙe, ku garzaya asibiti.

Malam, matarsa har yau godiya take min, wai na yi ƙoƙari. In gaya mata gaskiya, ko in mutu da ita a cikina?