Ranar da Ƙauyenmu Ya Zama Birni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, daga Ɗan'azumi dillalin awaki, yankin Badarawa.

Allah sarki zamanin Malam Isa, malamin asibitinmu. Ko a gona ciwo ya kama ka, sai ga babur ɗinshi. Lokacin yana samun ƙarin albashi na masu aikin ƙauye. Da jami'ai sunka zo sake shata iyakar ƙarin, dattawanmu sunka ƙi a ce mana ƙauyawa. Anka aro janareto anka kunna fitilu don jami'ai su gani, mai gari ya ce, "Yallaɓai, nan ai birni ne." Sai anka haɗa mu da birnin Shinkafi, ƙari ya tafi, Malam ya bi shi wani ƙauye ƙetaren gulbi.

Malam, muna gaishe ka, bencinka na asibiti na nan. Jama'a, ta yaya birni ke komawa ƙauye?