Ranar da Muka Kwantar da Rabo Rigingine

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma ferefen Dakoro, magajin gari, iyayenmu sarakuna da malamai, abokan aikina ma'aikatan lafiya, 'yan kokowa da makaɗansu, iyaye mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa, jama'ar Dakoro da waɗanda suka taso daga Kornaka da Mai Yara da Tagriss, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Zakariya, mutumin Gaya ta bakin kogi. Ni ne mai ɗaukar hoton zuciya da na'urar da muke ce wa eko, a cikin binciken lafiyar 'yan kokowa da muke rufewa yau. Shekara uku ke nan ina garinku. An ba ni rapor, wato rahoton binciken, mai shafi arba'in in karanta muku. Ga shi nan na ajiye bisa tebur, wanda yake so ya ɗauka. Abu uku zan faɗa, na ukun shi ne ya kawo ni.

Na farko godiya ce. Na gode wa Allah da ya nuna mana yau. Na gode wa Rhissa, wanda ya haɗa maɗaurin ƙirji mai ƙidaya bugun zuciya, ya gyara shi ya fi sau ɗari, duk lokacin da zufa da yashi suka lalata shi. Na gode wa Malama Hanatu, wadda ta zauna da 'yan wasa da iyalansu tana nazarin abin da tsoro da kunya da kirari suke yi wa mutum. Na gode wa iyaye mata da suka riƙa aiko mini da fura, suna cewa mutumin bakin kogi zai bushe a ƙasar nan. Ban bushe ba, amma na gaji, kuma ba zan ɓoye muku ba. An haifi ɗiyata ina nan, ta fara tafiya ina nan, a waya na fara jin ta kira ni baba. Waɗanda sunayensu ke saman rapor ɗin can sau biyu suka zo Dakoro, motarsu ma ba ta huce ba suka juya. Ba zan ci haƙƙinsu ba, su suka samo na'urorin, kuma ba don su ba da babu aikin. Amma rana mu ta gasa.

Na biyu, aikin ya yi amfani. Mun duba 'yan kokowa ɗari da sittin. Mun sami huɗu da ke da ciwon zuciya na gaske ba su sani ba, yanzu suna shan magani, dukansu suna raye, biyu ma suna cikin taron nan. Don su kaɗai, shekara ukun nan ba su tafi banza ba.

Na uku, jama'a, maganar Rabo ce, ɗan kokowar Mai Yara, wanda kuka san ya shekara bakwai ba a kai shi ƙasa ba. A shafi na talatin da ɗaya an rubuta cewa an sami kuskuren na'ura a kan mutum guda. Na'ura ba ta yi kuskure ba. Ni na yi.

Ga yadda abin ya faru. Bara, kafin zaɓen waɗanda za su wakilci Dakoro a gasar kokowa, muka tara 'yan wasa a ɗaki guda. Don mu yi sauri, gado ɗaya muka sa a tsakiya, babu labule, sauran suna jere a benci suna jiran layi. Da aka zo kan Rabo na ce ya kwance ɗamararsa da layunsa, kada su taɓa waya. Ya dube ni, ya kwance. Na ce ya kwanta rigingine. Ya ce, "Likita, a zaune ba ya yiwuwa?" Na ce masa ba ni da lokacin ciniki. Ya kwanta. A bencin nan kuwa akwai mutum uku da ya taɓa kayarwa, ɗaya ya ce, "Kai! Yau ga wanda ya kai Rabo ƙasa, ko kiɗa ba a yi ba." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Zuciyarsa ta buga ɗari da talatin a minti, jininsa ya hau, hoton ya ƙi fita sarai. Na rubuta a dakatar da shi sai manyan likitoci sun duba. Na sa hannu, na ba direba takardar ya kai masa, ban ma je da ƙafata ba. Amsa daga can sama ta yi wata biyar ba ta zo ba. Zaɓe ya wuce. Labari ya bazu cewa zuciyar Rabo ta lalace. Makaɗa suka cire sunansa daga kirari. Mutumin da ake yi wa guɗa a kasuwar Kornaka ya koma ana ce masa, "Sannu, ya jiki?"

Malama Hanatu ce ta ƙi yarda. Ta ce mini lambar nan ba ta yi kama da mai ciwo ba, ta yi kama da mai jin kunya. Na ce mata ni hoto nake karantawa, ba hira ba. Ta ja ni har Mai Yara wurin Baba Abarci, tsohon da ya koya wa Rabo kokowa. Muka tarar yana gyaran rumbu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, a wurina yaro ba ya kwance ɗamara gaban abokin karawa, sai ranar da ya bar kokowa. Ka tuɓe masa ita, ka shimfiɗe shi bayansa a ƙasa gaban waɗanda ya kayar, suna dariya, sannan ka tambayi zuciyarsa ko lafiya? Ni ma tsoho, in ka yi mini haka, kwalin naka sai ya yi hayaƙi."

Jama'a, na shekara shida ina karatun wannan aiki, ba a taɓa koya mini abin da tsohon nan ya faɗa yana riƙe da igiya ba. Maganar laya ba tawa ba ce, ga malamai nan zaune. Tawa ita ce na kunyata mutum, sannan na auna kunyarsa na sa mata suna ciwo.

Muka sake awo. Rhissa ya ɗaura masa maɗaurin a fili, da ɗamararsa a ƙugu, ya yi atisaye kwana goma muna bi. Na ɗauki hoton a bayan zana, yana kwance a gefen hagu, daga ni sai Baba Abarci. Bugun hamsin da takwas ne in yana hutawa. Ban taɓa ganin zuciya mai ƙarfi irin wannan ba, kuma manyan likitocin sun duba sun tabbatar. Tun daga ranar muka sa labule, muka daina tara mutane a ɗaki guda. Ina roƙon duk wanda zai ci gaba da aikin nan bayana ya riƙe wannan: kafin ka ɗora na'ura a jikin mutum, tambaye shi yadda yake so ya zauna.

An ba ni shawara in bar maganar a cikin biro, tsakaninmu ma'aikata. Na ce a'a. A bainar jama'a sunansa ya faɗi, a bainar jama'a ya kamata a ɗaga shi. Makaɗa, ku ji da kunnenku: lafiyar Rabo ƙalau. Ku mayar da sunansa inda kuka cire shi.

Rabo, ga takardarka da hannuna da hatimi, za ka shiga zaɓen gobe. Shekarar da na cinye maka ba ta cikin takardar nan, ba ni da ikon mayar maka da ita. Ina roƙonka gafara, a gaban iyayenka da nawa na nan. Wannan ba zan ba direba ba. Zauna inda kake, ni zan sauko in kawo maka. Jibi motata za ta kama hanyar Gaya, amma gobe ina bakin fili. In ka yi kaye zan yi ihu da kowa. In kuma an kai ka ƙasa, to namiji ne ɗan'uwanka ya kai ka, ba alƙalamina ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dabbobinmu. Allah ya sa masu ilimi su riƙa tambaya kafin su yanke hukunci. Allah ya saka wa Dakoro da alheri bisa riƙon baƙo, ya mayar da kowa gidansa lafiya, har da ni.

Na gode.