Babin Ƙarfin Zuciya

A bencin asibiti, wata budurwa na ta faman ɗaga mahaifinta daga keken marasa lafiya, tana tsaki. Kusa da ita wani mai farar rigar shadda ya duƙufa a kan littafi.

"'Yar'uwa, rage tsakin nan," in ji shi. "Littafin nan ya ce haƙuri kamar damtse ne, sai da motsawa yake ƙarfi."

"Sannu, malamin damtse. Marubucin ya taɓa wanke fon kashin mara lafiya?"

"Ya ce wanda ya mallaki zuciyarsa..."

"Na karanta shi, har da ƙannensa na soyayya da na tsarkin ruhi. Da digirina na zauna jinyar Baba, ban ga babin da ya kai shi bayi ba. Taso ka kama min, ya matsu. Ni kaɗai kayar da shi zan yi."

Mutumin ya dubi rigarsa. "Ai ni ban iya taɓa mara lafiya ba."

"Ikon Allah! To hutu ka zo yi asibiti?"

"Mahaifiyata ce a ciki." Ya juya shafi bai ko duba ba. "Ta rame sosai. Tun safe nake son shiga, na ce bari in gama babin ƙarfin zuciya tukuna."

Ta dubi littafin.

"Da saura da yawa?"

"Da ɗan dama."

"Allah Ya sa ta jira ka. Ajiye shi, Yaya, kama hammatarsa ta dama. Hannunka ya fara sabawa a kan ubana, sai ka kai wa taka uwar."

Ya kife littafin a benci, ya miƙe.