An Naɗe Tsire da Damuwata

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Dattijo ne daga Rimaye, kuma raina a ɓace yake.

Bayan rasuwar mai ɗakina damuwa ta kayar da ni. A asibiti aka ba ni littafi mai tambayoyi, kullum ina rubuta abin da ke cin zuciyata. Wallahi na samu sauƙi.

Sai ƙanena ya kai wa mai tsire littafin! Ran kasuwa wani ya ware tsirensa, ya karanta wa jama'a rubutuna da ke jikin takardar: "Ina kuka in na ga tabarmarta." Aka yi ta dariya.

Wai ƙanen nawa, "Haba Yaya, takarda ce fa!"

Yau kwana tara ban leƙa waje ba. Jama'a, ku ba ni shawara: in sake ɗaukar biro, ko in ɗauki sanda?