Ƙanen Kaka da Aka Cire Daga Takarda

A tashar motar Balige, wani gari a bakin tafki, wani dattijon coci ya zauna kusa da wata mai kwandon kifi, rungume da doguwar takarda a naɗe.

"Amang, wa'azin Lahadi ne ka naɗe haka?" in ji matar. A yarensu, Amang na nufin baba, Inang kuma inna.

"Jerin kakanninmu ne, Inang, zan kai a buga. Wa'azin yana kaina, kan yadda masarautar Isra'ila ta rabu biyu."

"Wanne za ka ba mu? Ai sau biyu aka rubuta labarin a Littafi Mai Tsarki. Na farko ya kawo sarakunan kudu da na arewa, kowa da laifinsa. Na biyu kuwa ba ya tuna na arewa sai sun gitta ta gaban na kudu."

"Wanda ya ɓalle ai shi ya cire kansa. Mu ma ƙanen kakana ya yi fushi kan gonar shinkafa, ya haye tafki ya kafa ƙauyensa. Ban sa shi a takardar ba."

"Allah sarki. Ya sunansa?"

"Togap. An ce har ɓaunar gida ya kora ya tafi da ita."

"Ɓaunar uwarsa ce, ita ta ba shi."

Dattijon ya juyo. "Ke 'yar wace zuriya ce?"

"Sai yanzu? Da wannan ake farawa kafin a zauna, kai ka fara da wa'azi. Mu ma zuriyar Togap a hayin tafki mun buga namu bara, babu kakanka a ciki. Riƙe mini kwandon nan, Yaya, in duba ko ka bar fili a ƙasan takardar."